Sauri Ya Haifi Nawa: Darasi a Kan Raunin 'Yan Tsere

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani darasi wanda ba ya fitowa a jarrabawa, amma lalle za a tambaye mu shi a fili. Kowane ɗayanmu, ran da ya fita daga kwalejin nan, za a aike shi wata makaranta. Kadan hedimasta ya duba ya ga kai ne saurayi a cikin malamai, to, ba sai an yi shawara ba, usur ya zama naka. Kai za ka ja layi da farar ƙasa, kai za ka zaɓi 'yan tsere, kai ne kuma iyaye za su tambaya in yaro ya koma gida yana ɗingishi.

Ni dai an riga an tambaye ni, ban kuwa iya amsawa ba. Bara, sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, na sami wani yaro ɗan aji shida wanda babu mai kamo shi a mita 100. Saura mako uku ranar wasanni, wata safiya ta hunturu na jera su, na busa usur, ban ko bari sun motsa jiki ba. Bai yi nisa ba sai ya dafe bayan cinyarsa. Ya huta kwana 9, ya zo ya ce, "Malam, na warke." Na ce ya taka in gani. Ya taka, babu ɗingishi. Ni kuwa ina ƙishin gidanmu ya ci kofi, sai na sa shi a tsere. Wajen mita 60 ya faɗi, wurin nan dai ya sake yagewa, ya kuwa fi na fari muni. Sauran zangon karatu da sanda ya yi shi. Uwarsa ta zo makaranta, muka gaisa, sa'an nan ta ce, "Malam, ba kai ne ka ce ya warke ba?"

Tun daga ran nan na shiga neman amsa. Abin da na samu shi ne na kawo muku, kuma ana iya ƙulle shi a magana ɗaya: yawancin raunin 'yan tsere gaggawa ce ta ke kawo shi, gaggawa ce kuma ta ke mai da shi bayan ya tafi. Mai hana gaggawar nan kuwa malami ne, gama yaro ba ya hana kansa.

1. INDA RAUNI YA KE FITOWA

Mu fara da lissafi. Mai gudu, duk sa'ad da ƙafarsa ta dira ƙasa, tana ɗaukar nauyin jikinsa ninki biyu ko uku. A mil guda kuwa taki ya fi 1,000. Ashe ƙafar ɗan tsere ba ƙaramin dako ta ke yi ba.

Jiki yana iya sabawa da wannan kaya, amma gaɓoɓinsa ba su sabawa tare. Numfashi da tsoka su kan ƙarfafa cikin 'yan makonni. Jijiya da ƙashi kuwa sai an yi watanni. Nan ne tarkon ya ke. Bayan mako biyu ko uku na horo yaro ya kan ji ƙirjinsa ya buɗe, ba ya haki kamar dā, sai ya ƙara nisa, ya ƙara sauri, alhali kuwa jijiyarsa da ƙashinsa suna baya ba su iso ba tukuna.

Saboda haka rauni iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, kamar yagewar tsoka ko targaɗe, wanda yaro zai iya nuna maka takin da abin ya faru. Akwai kuma mai rarrafe, wanda ya ke taruwa kaɗan kaɗan: yau tsami, gobe zogi, jibi ɗingishi. Na biyun nan shi ya fi yawa ga masu dogon gudu, shi ne kuma mu malamai muka fi rainawa, don ba a ganin jini.

2. RAUNUKA BIYAR DA ZA KA FI GAMUWA DA SU

(a) Yagewar tsokar bayan cinya. Wannan ita ce abokiyar gabar masu gajeren tsere. Ta kan yage ne sa'ad da ƙafa ta wurga gaba tana shirin dira, tsokar tana miƙe kuma tana ja. Ba ta jin kunyar kowa. A wasannin Olamfik na Barsalona cikin 1992, Derek Redmond na Ingila yana cikin tseren mita 400, zagayen kusa da na ƙarshe, sai ta yage, ubansa ya sauko daga wurin 'yan kallo ya tallafe shi har layi. Usain Bolt na Jamaika ma, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, ita ce ta kā da shi a tserensa na ƙarshe, na miƙa sanda, a Landan cikin 2017. Abokan tserensa sun yi kukan an tsai da su da daɗewa cikin sanyi kafin a fara. Ku tuna da safiyar hunturuna.

(b) Targaɗen idon sawu. Mafi yawa ƙafa ta kan turguɗe ne ciki, jijiyoyin da ke waje su miƙe fiye da kima ko su yage. Ramin ɓera da gindin ciyawa da dutse su ne masu kawo shi a filayenmu. Wanda ya taɓa yi, in ba a ƙarfafa ƙafar ba, ya fi kowa saurin sakewa.

(c) Ciwon ƙwauri da tsagewar ƙashi. Sabon ɗan tsere da ya yawaita gudu bisa ƙasa mai tauri ya kan ji zafi ya bi gefen ƙwaurinsa na ciki. Kadan zafin ya bazu, yana kuwa raguwa da hutu, da sauƙi. Amma in ya taru wuri guda, har yaro ya iya rufe shi da kan yatsa ɗaya, yana ƙaruwa in ya yi tsalle a ƙafar, ko yana hana shi barci, to, mai yiwuwa ƙashin ne ya tsage, sai asibiti. Irin wannan tsagewa ta kan ci mako 6 zuwa 8 ba gudu, wani lokaci fiye. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaki na Olamfik a Roma cikin 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokiyo cikin 1964. Amma a Meksiko cikin 1968 ya shiga da tsagaggen ƙashi a ƙafa, bai kai rabin hanya ba ya fita. Ƙarfin zuciya ba ya ɗora ƙashi.

(d) Ciwon agara, watau babbar jijiyar nan ta bayan diddige. Alamarta ita ce sagewa da zafi a takun farko na safe. Liu Xiang na ƙasar Sin ya ci zinariya a tseren tsallake shinge na mita 110 cikin 2004. A 2008, a gaban mutanen ƙasarsa, agara ta hana shi tsere. A 2012 kuma a Landan ya faɗi a shingen farko, agarar ta tsinke.

(e) Ciwon masu girma. Wannan namu ne, mu masu kiwon yara. Ƙashin yaro yana da wurare masu taushi inda ya ke ƙara tsawo, jijiyoyi kuwa suna ja a kusa da su. Yaro mai shekara 10 zuwa 15 ya kan sami wani ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Likitoci biyu, Osgood da Schlatter, suka bayyana shi tun 1903. Mai shekara 8 zuwa 14 kuma ya kan ji zafi a diddige. Dukansu su kan wuce in girma ya kammala. Maganinsu rage gudu da tsalle har zafin ya lafa. Kada ka ce yaron raggo ne.

3. RIGAKAFI

Na ɗaya, fara da wuri. Babban laifinmu a makarantu shi ne mu kan bar yara zaune shekara guda, sa'an nan saura mako biyu ranar wasanni mu kore su fili safe da yamma. Ka nemi hedimasta ya faɗa maka ranar tun farkon zango, ka ƙirga mako 8 ko 10 baya, ka fara daga nan.

Na biyu, ƙara kaɗan kaɗan. Masu horar da 'yan tsere suna da wata ƙa'ida ta aiki, cewa kada gudun wannan mako ya ɗara na makon jiya da fiye da kashi 1 cikin 10. Wanda ya yi kilomita 10 a mako, mai zuwa ya yi 11. Kada kuma ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya. Ranar aiki mai tsanani, a bi ta da rana mai sauƙi. A bar aƙalla kwana guda a mako babu gudu sam, gama a lokacin hutu ne jiki ya ke gina abin da horo ya rushe. Ka tuna kuma da yaron da ya ke tako kilomita 4 zuwa makaranta, ya ɗebo ruwa, ya je gona. Ƙafarsa ba ta san bambancin wannan da naka horon ba, duka kaya ne.

Na uku, ɗumama jiki. Danƙon da ya kwana cikin sanyi, in ka fizge shi sai ya tsinke. In ka murza shi a hannu tukuna sai ya miƙe. A fara da sassarfa ta minti 10, har gumi ya soma tsattsafowa. A bi da wurga ƙafa gaba da baya, da ɗaga gwiwa sama, da ɗan tsalle-tsalle. A ƙare da gajeren gudu na mita 50 sau uku ko huɗu, kowane ya ɗara na baya sauri. Tsayawa wuri ɗaya ana miƙa jijiya kaɗai ba ya isa. In an ɗumama jiki kuma aka yi jinkirin tashi, kada a bar yara zaune a ƙasa, su sa riga su yi ta motsi.

Na huɗu, ƙarfafa wuraren da su ke yagewa. Ga motsi uku da ba su bukatar ko sisin kwabo.

Domin bayan cinya: yaro ya durƙusa bisa tabarma ko yashi, abokinsa ya danne masa idon sawu. Sai ya riƙa sunkuyawa gaba sannu a hankali, jikinsa a miƙe daga gwiwa zuwa kai, yana hana kansa faɗuwa, har in ya kāsa ya tare ƙasa da tafin hannu. A makon farko sau biyar, a huta, a sake biyar, ya isa, don yana sa tsamin jiki ƙwarai. An gwada wannan a Denmak bisa 'yan ƙwallo 942, aka buga sakamakon cikin 2011, aka ga yagewar tsokar ta ragu da fiye da rabi.

Domin agara da sha-raɓa: ya tsaya a bakin dakali da kan yatsu, ya ɗaga diddige, ya sauke shi a hankali.

Domin idon sawu: ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, in ya iya ya rufe ido. Yara su kan mai da shi wasa, su yi ta gasa.

Na biyar, duba fili da ƙafarka. Kafin a fara horo ka jera 'yan aji kafaɗa da kafaɗa su ratsa filin, suna tsince dutse da kwalba da ƙusa, suna tumɓuke tsidau da ƙarangiya, suna cike ramuka. Ramin tsalle a tone shi, a zuba sabon yashi. Yaron da ya saba gudu ba takalmi, kada a ba shi sabon takalmi mai ƙusa ranar tsere. Wanda ya saba da takalmi kuma kada ya tuɓe ran nan. Ƙafa ba ta son sabon abu farat ɗaya.

Na shida, abinci da barci da ruwa. Tuwo kaɗai ba ya gyara tsoka, sai an haɗa da wake, ko gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai, ko nono. Yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Tulun ruwa ya kasance a bakin fili kullum, mai jin ƙishi ya sha. Tsohuwar maganar nan cewa ruwa yana sa ɗan tsere nauyi, ku yar da ita. 'Yan mata kuma akwai abin lura: yarinyar da ta ke horo mai tsanani ba ta cin abinci isasshe, al'adarta ta kan ɗauke, ƙashinta kuwa ya yi rauni har ya riƙa tsagewa. Wannan magana malama ce ta dace ta yi da su, a kuma kai yarinyar ga likita.

Na bakwai, mai zazzaɓi ba ya gudu. Ko shi ne gwanin makaranta, ko gobe ne tsere.

4. SA'AD DA YARO YA FAƊI

Abu na fari, kori taro. Yara su kan rufe wanda ya faɗi, wannan na jan ƙafa, wancan na murzawa. Ka tsai da su, ka durƙusa, ka tambaye shi inda ya ke jin zafi, ka duba da ido kafin ka taɓa.

Ga alamun da ba naka ba ne, na asibiti ne nan take: gaɓa ta karkace ko ta sake kama, ƙashi ya huda fata, ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi, ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan diddige, ba ya kuwa iya ɗage, ko ya bugi kansa ya rikice. Game da idon sawu, likitocin birnin Ottawa ta Kanada sun fito da wata ƙa'ida cikin 1992 wadda malami zai iya riƙewa: in bai iya taku huɗu ba, ko in an danna bayan ƙashin idon sawu ko tsininsa ya ji zafi sosai, a ɗauki hoton ƙashi. Ga yara a ƙara lura, gama abin da ya yi kama da targaɗe ya kan zama karaya ce a wurin girman ƙashi. Kada a ja, kada a ɗaure tam da karare kafin a ga hoto. Ɗauri mai matsewa yana tsai da jini, ƙafa kuwa tana iya lalacewa.

In babu waɗannan alamu, ga aikin kwana biyu ko uku na farko. A hutar da wurin. A naɗa bandeji daga yatsu zuwa sama, ba da ƙarfi ba, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. A ɗora ƙafar bisa matashi ta ɗara ƙirji tudu. In akwai ƙanƙara a naɗe ta cikin tsumma a aza minti 10; in babu, tsumma da ruwan randa. Wani likita a Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa wannan tsari cikin 1978. Amma a 2014 shi da kansa ya komo ya ce yawan ƙanƙara da dogon kwanciya suna iya jinkirta warkewa. Saboda haka sanyi don rage zafi ne kawai, hutu kuwa na 'yan kwanaki ne.

A kwanakin nan na farko a guji abu huɗu: gashi da ruwan zafi, tausa mai ƙarfi, tsaga ko ƙaho, da komawa gudu. Wurin yana zub da jini daga ciki, zafi da murza ƙara shi su ke yi. Na san kaka za ta zo da ruwan zafi da man zafi, da kyakkyawan nufi kuwa. Ka gaishe ta da ladabi, ka ce, "Kaka, a dakata kwana uku tukuna." Kada kuma a ba yaro ƙwayar kashe zafi domin ya iya tsere. Zafi mai gadi ne. Wanda ya sallami mai gadi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

In ƙusa ko ƙaya ta soke shi, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a rufe, a kai shi a duba ko allurarsa ta tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, ta cika.

Akwai faɗuwa biyu da ba na ƙafa ba ne, su ne kuwa masu kisa. Ta ɗaya bugun zafi, wanda ya fi aukuwa da bazara. Yaro ya kan yi tangaɗi, ya yi sambatu, jikinsa kamar wuta, zafinsa ya haura digiri 40. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi ana fifita, tun kafin mota ta zo, a ci gaba har asibiti. Rigakafinsa shi ne a yi dogon tsere da sassafe, a kuma ba jiki kwana 10 zuwa 14 ya saba da zafi. Ta biyu ta shafi jini. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rabin gadon sikila, watau jinin AS. Wannan ba ya hana tsere, akwai gwanaye masu shi. Amma in aka tilasta irin wannan yaro gudu iya ƙarfi ba hutu, cikin zafi da ƙishi, yana iya zubewa, ƙafafunsa su saki. Yaron da ya ce maka ƙafarsa ta ƙi, bari ya tsaya. Kada ka taɓa mai da gudu ya zama horon laifi.

5. JIYYA DA KOMAWA FILI

Nan ne na fāɗi bara, saboda haka ku kasa kunne. Rauni yana warkewa hawa uku. Kwanakin farko na kumburi ne. Daga nan har wajen mako uku jiki yana saƙa sabon nama, amma saƙar sako-sako ce. Hawa na uku, wanda ya kan ɗauki watanni, shi ne saƙar ta yi ƙarfi. Zafi kuwa tun a hawa na biyu ya kan tafi. Watau ran da yaro ya daina jin zafi, ginin ya tashi amma bai bushe ba. Wanda ya aza azara bisa ɗanyen gini ya san abin da zai biyo. Shi ya sa kusan kashi 1 cikin 3 na yagewar bayan cinya ta kan komo cikin shekara, makonni biyu na farko bayan komawa kuwa su ne mafi hatsari. Ƙaramar yagewa ta kan ci mako 1 zuwa 3, matsakaiciya mako 4 zuwa 8, babba kuwa watanni.

Amma kwanciya ma ba magani ba ce. Naman da ba a ba shi aiki ba ya kan shanye. Bayan kwana biyu ko uku a soma motsa gaɓar iyakar inda zafi bai hana ba, a riƙa ƙara mata kaya kaɗan kaɗan. Wani likita a Suwidin, Håkan Alfredson, ya nuna haka cikin 1998. Ya sa manya 15 masu tsohon ciwon agara su riƙa sauke diddige a bakin matakala, sau 15 har jere uku, safe da yamma, mako 12, dukansu kuwa suka koma gudu. Inda akwai ma'aikacin sashen gashi na asibiti, wanda a ke kira fisiyo, shi ya kamata ya tsara wannan aiki, kai kuwa ka tabbata yaro yana yi.

Ga tsanin komawa. Ka rubuta shi a bangon aji:

1. Tafiya ta minti 30 babu zafi, babu ɗingishi.
2. Sassarfa minti 1, tafiya minti 3, a maimaita sau biyar.
3. Sassarfa minti 20 ba tsayawa.
4. Gudu da rabin ƙarfi, daga baya kashi 3 cikin 4.
5. Gudu iya ƙarfi a wurin horo, a ranaku uku dabam dabam.
6. Tsere.

Kowane mataki a yi aƙalla kwana biyu a kansa. Alƙalin kuwa shi ne safiyar gobe: in ya tashi da zafi ko kumburi, a sauko mataki ɗaya. Kafin mataki na biyar a gwada ƙafar da 'yar'uwarta. Ya ɗaga diddige sau 20 a ƙafa ɗaya, ya yi tsalle sau 10, ya tsaya daƙiƙa 30. In mai ciwon ba ta kamo lafiyayyar ba, ba a gama ba. Ni ɗan takin da na sa yaron nan ya yi a gabana mataki na ɗaya ne kaɗai, na ɗauke shi na dire a na shida.

Kada ka manta da zuciyar yaro. Mai rauni ya kan ji an yar da shi, shi ya sa ya ke ɓoye ciwo. Ba shi aiki: ya riƙe agogo, ya rubuta sakamako, ya jera ƙanana. Ka kuma faɗa wa 'yan tserenka tun ranar farko cewa wanda ya faɗi ciwonsa da wuri ba zai rasa wurinsa ba.

Ko haƙuri yana biya? Dubi David Rudisha na Kenya. A Landan cikin 2012 ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91, abin da ba a taɓa yi ba. A 2013 gwiwarsa ta sami rauni, ya bar gasar duniya ta wuce shi, ya yi wajen shekara guda ba tsere. A 2015 ya ci gasar duniya a Beijin, a 2016 ya sake cin zinariyar Olamfik a Riyo. Wanda ya rene shi a gudu, Colm O'Connell, malamin makaranta ne, ya zo garin Iten cikin 1976 domin koyar da labarin ƙasa. Ashe aikin nan bai fi ƙarfin malami ba.

Yaron nan nawa ya warke, na ji kuma bana ya koma fili. Kafin in bar garin na je gidansu, na durƙusa na ce wa uwarsa, "Mama, laifina ne, na yi gaggawa." Ta ce ba kome, amma in kula da 'ya'yan mutane. Saƙonta ke nan na kawo muku. Kofi kwano ne, baɗi ma za a sake fito da shi. Ƙafar yaro kuwa da ita zai yi noma, da ita zai nemi abinci har tsufansa.

TAMBAYOYI

1. Don me yaro ya kan ji rauni a daidai lokacin da ya ke jin ya fi ƙarfi?
2. Yaya za ka bambanta ciwon ƙwauri da tsagewar ƙashi?
3. Faɗi abu huɗu da ba a yi wa sabon rauni cikin kwana uku na farko.
4. An sa ranar wasanni saura mako 10. Tsara aikin kowane mako ga 'yan mita 400.
5. Saura kwana biyu tsere, gwanin gidanku yana mataki na uku a tsanin komawa, hedimasta kuwa ya ce lalle a sa shi. Rubuta abin da za ka faɗa masa, da ladabi.